Ranar da Na Ba da Shaidar Katangar Talatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga kotun majistare ba, ni da ko ofishin 'yan sanda ban taɓa takawa ba.

Maƙwabciyata ce, Talatu, mutuniyar Zonkwa, tun zamanin masaƙa muke tare a Kakuri. Maƙwabcinta Malam Iliya ya sa aka haƙa masa ramin salga jikin katangarta, katanga ta zube har da rabin ɗakin kwananta, ga damina ta kunno kai. Mai unguwa ya yi sulhu ya gaji. Talatu ta kai ƙara, ta sa ni shaida.

(Ba yabon kai ba, a layinmu in na fara labari har mai yankan farce tsayawa yake.)

Na ci ado, na cire takalmi a ƙofar kotu, wani ɗan sanda ya ce in mayar. Aka rantsar da ni. Na gaida alƙali, na tambaye shi iyali, bai amsa ba. Na ce a raina yaran yanzu ke nan.

Sai na buɗe baki. Na faɗi yadda ƙasa ta fara tsagewa, yadda kaji suka watse, yadda katangar ta yi rim! Na kwaikwayi ihun Talatu. Tafintan kotu har gumi yake. Talatu tana share hawaye, ni kuwa ina ƙara gishiri.

Lauyan Malam Iliya ya miƙe, da ladabinsa.

"Mama, sannu. A ina kike tsaye lokacin?"

"Tsaye kamar yaya, ɗan nan?"

"Da katangar ta faɗi, kina ina?"

Na rantse fa, da alwalata.

"Ina Zariya, bikin jikata."

Kotu ta ɗauki dariya, har Malam Iliya. Talatu ta saki baki. Ashe yawan ba da labarin da na yi a unguwa, ita kanta ta ɗauka ina wurin. Ni ma, wallahi, sai da aka tambaya na tuna.

Alƙali ya ce wannan ji-ta-ji-ta ne, kotu ba ta karɓa, ya ɗage zama sai an kawo wanda ya gani da idonsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, amma ai haka aka yi." Ya ce in sauka.

A keke napep muna komawa Talatu ta ce, "Haba Hajiya, da kin ce ba kya nan!"

Na ce, "Kin tambaye ni?"

Ruwan farko ya same ta da leda a maimakon bango. Ni na jawo, don haka a ɗakina ta ƙare daminar, tana minshari ina haƙuri, har aka yanke hukunci Malam Iliya ya gina.

Yanzu duk wanda ya ce in zo in yi masa shaida, sai na fara tambayarsa: ka tabbata ina wurin?