Raunin da Gafiya Yake Nema

A wani daji da kuraye da karnukan dawa suka shekara uku suna yaƙi a kan mashaya guda, akwai wata tsohuwar bushiya ana ce mata Gwaggo Yalwa. Sunan ne kaɗai ya rage mata na yalwa. Mijinta ya fita neman abinci tun farkon rikicin, ko ƙayarsa ɗaya ba a dawo mata da ita ba. Maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya, har unguwar gindin tsamiya ta koma ba a jin komai sai iska tana leƙa ramukan da babu kowa. Ita ta zauna saboda 'yarta Ladiyo, wadda ke jego da jarirai uku. Ita ma Ladiyo an kashe mata miji, ga nono ya fara ƙafewa.

Da damina ta faɗi sai ga shamuwoyi daga nesa da buhunan gero da gyaɗa da busasshiyar fara. A faɗi gaskiya, da kyakkyawar niyya suka zo. Sai dai ta sama suka zo, ta sama kuma suke komawa, ƙafarsu ba ta taɓa taka hanyar dajin ba.

Aka kafa majalisar rabo. Aka ba Raƙumin Dawa shugabanci don yana hango nesa, ko da yake tun da aka haife shi bai taɓa ganin abin da ke kusa da kofatonsa ba. Aka ba Hawainiya sha'anin mata, don duk inda aka ajiye ta sai ta dace da wurin. Kwana bakwai suna shawara, ana dafa musu abinci daga cikin buhunan, sannan suka fito da magana uku. Abinci a hannun mace za a sa shi, don idan aka ba maza mayaƙa ke ƙwacewa. Rumbu a kan Tudun Marke za a gina shi, inda kura ba ta hawa. Kuma masu rauni za a fara ba.

Babu wanda ya ce uffan a kan kwazazzabon da ke tsakanin unguwanni da Tudun Marke, inda kuraye suka yi sansani.

Gwaggo Yalwa ta ji shela, ta ɗaura zani ta kama hanya da hantsi. A kwazazzabo sau biyu kuraye suka tare ta, sau biyu ta dunƙule ta zama curin ƙaya. Suka shinshine ta, suka mirgina ta, suka gaji suka tafi. Ta iso tudu da la'asar, ko ƙwarzane babu a jikinta.

A ƙofar rumbu Gafiya ke zaune da mudu a cinya. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Gwaggo, ina raunin?"

"Wane rauni?"

"An ce masu rauni. Ki nuna min. Waccan barewar kin ga cinyarta? Waccan zomanyar kunne ɗaya ya rage mata. Ke fa?"

"Kai Gafiya, ni za ka yi wa wannan? Ranar sunanka ni na daka furar. Dubi haƙorana, huɗu suka rage. Dubi hannuna yadda yake rawa. Ina da mai jego a rami, kwananta uku ruwa take sha."

"Allah ya ba ta lafiya, Gwaggo. Ni abin da ido ya gani nake aiki da shi. Tsufa ba ya jini."

Ta juya masa baya. Ta wuce kai tsaye gindin marke inda majalisa ke zaune, ta ratsa tsakanin ƙafafun manya ba sallama, ta tsaya a tsakiya.

"Ni ban yi karatu ba," in ji ta, "kuma ban zo gaisuwa ba. Kun ce abinci na masu rauni ne. A unguwarmu idan aka ce wance mai rauni ce, ana nufin ƙarfinta ya ƙare, ba ta da mai tsaya mata. Wancan ɓeran da kuka ajiye a ƙofa shi kuma ciwo yake nema, sai ya ga jini. To ku gaya min, wanne kuke nufi? Na biyu, wa ya ce ku kai rumbu bayan kwazazzabo? Kun ce kun tsare abinci daga kura. Madalla, abinci ya tsira. Mu da za mu zo ɗauka fa? Kun ce mace za ta karɓa da hannunta, kun ɗauka gata kuka yi mana. Da can maza ake tarewa a hanya, yanzu mu ake tarewa. Wa kuka tambaya? Wace mace a cikinmu kuka kira ta zauna a inuwar nan? Ni ba sadakar kallo na zo nema ba. Ku ba ni mudun 'yata, ko ku sauko da rumbun nan inda ƙafarmu za ta kai."

Raƙumin Dawa ya sunkuyo da wuya yana neman inda muryar ke fitowa. Bai same ta ba, sai ya yi wa wani dutse da ke gefenta jawabi.

"Baiwar Allah, mun ji kukanki, kuma irin wannan murya muke so a riƙa ji. Batun matsar da rumbu, an riga an gina shi, kuma baƙinmu sun yaba da wurin."

Babbar Shamuwa ta gyara tsayuwa a kan ƙafa ɗaya. "A harshenmu kalmomi biyu ne," in ji ta a hankali. "Ɗaya ta marar ƙarfi, ɗaya ta wanda aka ji wa ciwo. Ta farko muka faɗa. Tafinta ne ya mayar da ita rauni."

"To ki sauka ki gaya wa Gafiya mana! Ga shi can, taku ashirin."

"Ba hurumina ba ne, Gwaggo. Mu kawowa muke yi, majalisa ke rabawa."

Hawainiya, wadda a lokacin ta koma kalar buhun da take zaune a kai, ta ce, "Yaya, ni ma mace ce, abin ya taɓa ni. Za mu kafa ƙaramin kwamiti ya duba ma'anar kalmar, ya kawo mana bayan kaka. Kafin nan fassarar Gafiya za ta tsaya, don ita ake iya tabbatarwa. Batun hanya kuwa ba mu manta da ku ba." Ta miƙa mata usur na kara mai igiya. "Idan kura ta tare ki, ki busa."

"Idan na busa wa zai zo?"

Hawainiya ta juya ido ɗaya wajen shugaba, ɗaya wajen Shamuwa. Aka wuce zuwa magana ta gaba, wato kalar tutar da za a kafa a kan rumbu.

Gwaggo Yalwa ta koma gida da usur a wuya. Ta tarar da Ladiyo kwance, jarirai biyu suna tsotson abin da babu, na ukun ya daina ko kuka, sai numfashi sama-sama.

"Inna, an samu?"

"Gobe," in ji ta.

Ta fita ta zauna a bakin rami har rana ta faɗi. Da can a wannan lokaci unguwar cike take da daka da kiran yara. Ta dubi ramin aminiyarta, ciyawa ta rufe shi. Babu wanda za ta yi shawara da shi, sai ta yi da kanta.

Da gari ya waye ta rataye usur a reshen tsamiya ta kama hanya. A tsakiyar kwazazzabo wani ƙaton kure mai tabo a hanci ya sha gabanta. Ya tsaya yana jiran ta dunƙule kamar jiya. Shekara sittin jikinta ya san abin da yake yi idan ya ji warin kura, har bayanta ya fara lanƙwasa da kansa. Ta cije haƙoran nan huɗu ta miƙe shi.

"Tsohuwa, yau babu dunƙulewa?"

"Babu. Ka yi abin da za ka yi. Amma ka bar min ƙafafu, da su zan koma."

Kuren ya yi dariya har ya zauna. "Ke ma rumbu za ki? Ai ke ce mace ta tara da ta zo neman rauni tun jiya. Mu ba ma kashe masu zuwa rumbu, Gwaggo, asara ce. Idan kin dawo, rabi namu."

Ya kai mata hannu ɗaya a haƙarƙari, inda babu ƙaya.

Sai bayan azahar ta iso tudu tana jan jiki, zaninta ya jiƙe. Gafiya ya miƙe tsaye da girmamawa, ya duba wurin da kyau, ya gyaɗa kai.

"Yauwa Gwaggo, yanzu kika zo da magana. Sannu. Ai da tun jiya haka kika zo, da ba mu yi ja-in-ja ba."

Ya cika mata mudu har yana zuba. Ta karɓa ba ta dube shi ba. A kwazazzabo ta sauke rabi. Sauran rabin ta kai gida, ta dama kunu da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da haƙarƙari. Ladiyo ta sha, bayan kwana biyu nono ya kawo. Jarirai biyu suka tashi. Na ukun Gwaggo Yalwa ta binne shi ita kaɗai a gindin tsamiya, ƙarƙashin reshen da usur ke lilo.

Bayan kaka kwamiti ya zauna a kan kalmar, ya tarar babu sauran abin dubawa, aka watse da addu'a. Don tun daga wancan mako, ba a ƙara samun macen da ta iso ƙofar rumbu ba ta cika sharaɗin Gafiya ba.