Yadda Za Ka Koya wa Ƙanwarka Lissafin da Kai Ma Ba Ka Iya Ba

Ƙarfe huɗu ne na yamma, hadari ya haɗo ya tsaya yana shawara, ruwan bai sauko ba. Ka dawo daga wurin gini, siminti har gira, kana neman inda za ka miƙe ƙafa. Sai Mama ta ce, “Auta, ga yayanki nan, kai masa littafin.” Saura sati uku Auta ta sake zana jarrabawar gama sakandare. Bara lissafi kaɗai ya kayar da ita, jami’a kuwa ba ta buɗe ƙofa sai da shi. Kai kuma aji biyu ka yi ka kama cokalin gini. Kwantar da hankalinka. Ni ma magini ne, na bi ta nan. Bi matakan nan, na yi maka alkawari girmanka zai fita ba ko ƙwarzane.

1. Karɓi littafin da hannu biyu

Kada ka yi saurin buɗewa, mai sauri shi ake tambaya. Duba bango, duba baya, ka ɗan auna nauyinsa, ka ce, “Uhm. Sun sake canza shi.” Ba ka san na da ba, amma ita ma ba ta san shi ba.

2. Ɗora laifin a kan makaranta

A nan gaskiya ma tana bayanka. Tambaye ta ina suka tsaya. Za ta ce, “Yaya, malamai uku aka yi mana a shekara biyu, kowa ya zo sai ya faro daga babi na ɗaya.” Babi na ɗaya ta san shi kamar sunanta. Daga na tara zuwa ƙarshe kuwa takardun fari fat, ko yatsa bai taɓa su ba, kuma jarrabawa ba ta tambayar inda malam ya tsaya. Girgiza kai a hankali ka ce, “Harsashi sau uku, ba rufi.” Wannan magana za ta riƙe ka minti goma.

3. Mayar mata da tambayarta

Duk abin da ta karanto, ka ce, “To, ke me kika gani?” In ta ba da amsa, ka ce, “Kin tabbata?” In ta canza, ka ce, “Me ya sa kika canza?” Manya sun ce mai tambaya ba ya ɓata. Ba su ce dole shi ma ya amsa ba.

4. In haruffa suka shigo cikin lambobi, fita kwashe shanya

Hadarin nan abokinka ne. Leƙa sama ka ce kayan Mama za su jiƙe. Ninke kowane zane sau huɗu. Amma ka sani, in ka dawo za ka tarar da ita inda ka bar ta, ta danne teburinta mai rawa da gwiwar hannu, tana share ido da bayan hannu don kada ka gani. Wannan ban san maganinsa ba. Zauna kawai.

5. Tsare bakinka daga tambayar tsani

Nan ne ni na yi kuskure. Auta ta karanto da murya ƙasa-ƙasa: tsani mai mita goma an jingina da bango, gindinsa mita shida daga bangon, a wane tsayi kansa ya taɓa?

“Takwas,” in ji bakina, ban aike shi ba.

Ta leƙa amsoshin bayan littafi, ta ɗago. “Yaya, leƙawa ka yi.”

“Ni da ban san akwai amsa a baya ba? Da tun ɗazu na huta.”

“To yaya aka yi?”

Ka ga abin da nake gudu. Wanda ya ba da amsa, bayani na binsa.

6. In asiri ya kusa tonuwa, durƙusa ƙasa

Ɗauko igiyar aiki da ƙusa uku da tef ɗin awo, ka ja ta zuwa kusurwar ɗaki. Auna uku a wannan bango, huɗu a wancan, ka ja igiya tsakaninsu. Biyar. Gaya mata haka muke daidaita kwanar gini kullum, in ba biyar ba ce, rushewa za a yi. Ninka su biyu: shida, takwas, goma, ga tsaninta nan. Za ta bi igiyar da yatsa, sannan ta ce, “Wai wannan ne abin da aka ce mu haddace?” Za ta faɗi wani dogon suna, wai na mutumin da ya gano wannan lissafi. Ka ce ba ku taɓa aiki tare ba.

Daga nan faɗi gaskiya, tunda ba Mama kusa: “Auta, haruffan nan ban san su ba. Ke karanto, ni in nemo inda abin yake a jikin gini.” Kullum da yamma ku ci babi ɗaya. Bokiti, tankin ruwa, gangaren rufi, duk suna cikin littafin ashe, sunaye kawai aka canza musu. Inda ba gini, ita za ta koya maka. Kai dai ka riƙa cewa, “Yawwa, gwada ki nake.”

7. Ranar sakamako, tsaya a baya

Za ta shigo da gudu da takarda, ta wuce ka ta rungume Mama. Ta ci. Ba da yawa ba, amma ƙofa ta buɗe. Mama za ta ce, “Ni na san kan ’yata.” Kada ka yi tari.

Gargaɗi

In yarinya ta je jami’a ta zaɓi karatun injiniya, wata rana ta zo wurin aikinka da hular kwano ta ce, “Yaya, bangon nan ya karkace,” ba ruwana. Kai ka ɗauko igiya. Kada a zo nemana, ina da abin yi: ɗazu na yanko ɗan katako na tokare ƙafar teburin Auta. Ta shigo ta jibga littattafanta a kai, tebur bai motsa ba, ta ce in matsa na tare mata haske.