Alhaji Ɗan-Asali da Bulok na Sittin da Bakwai

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar sanin ƙarfe, sai a fara da Alhaji Ɗan-Asali, a huta, a sha ruwa, sannan a shiga neman na biyu. Shi ne ciyaman na ƙungiyar masu tsofaffin motoci, mai mambobi goma sha tara. A da ashirin da shida ne. Bakwai ya kora da bakinsa, don kare mutuncin tarihi. Ɗaya laifinsa ya sa madubin gefe na zamani. Wani kuma an kama shi dumu-dumu da noti huɗu waɗanda ba su kai motarsa shekaru ba.

Motar Alhaji ja ce, 'yar gajeriya, kujera biyu, ba rufi, ƙirar shekarar sittin da bakwai, irin wadda aka yi don gudu da burga. Tana da ɗakinta, da labule, da fanka, da bargon lulluɓa. Fankar kicin kuwa shekara uku ke nan matarsa Hajiya tana roƙo a gyara. Tsummokaran goge motar goma sha ɗaya ne, kowanne da wurin da yake taɓawa, kuma wanda ya taɓa fitila ba ya taɓa ƙofa.

"Mota kamar mutum ce," haka yake buɗe kowane taro. "Ko dai tana da asali, ko ba ta da shi. Ni in ka ɗora min noti a tafin hannu, ido rufe zan gaya maka shekarar da aka haife shi."

Ba wanda ya taɓa gwada shi. Bakwai ɗin da aka kora sun isa darasi.

Duk shekara ƙungiyar tana yin gasa a wani fili. Ana ɗauko alƙali daga waje, ya duba mota tun daga bamba har zuwa lambar da ke jikin inji. Wadda kayanta suka fi zama na shekararta ita ke ɗaukar kofi, mai kofi kuma shi ne ciyaman. Shekara shida kofin yana kan talabijin ɗin Alhaji. Abokin karawarsa guda ɗaya ne, ƙanin Hajiya, wani malamin makaranta mai ritaya, wanda Alhaji ya raɗa wa Malam Tsatsa. Tasa motar koriya ce, fenti ya koɗe, da ita yake zuwa cefane, kuma shi yake gyara abarsa da hannunsa. Alhaji ya ce wannan cin zarafin ƙarfe ne.

Saura kwana arba'in da ɗaya gasa, Alhaji ya fita zagayen gari don talakawa su samu abin kallo. Tun wata biyu kafin nan ya hana makanikensa buɗe bonet, kada a bar masa shatin yatsa. Ya zaga shataletale guda sau huɗu. A na biyar allurar zafi ta kwanta a ja, tururi ya turnuƙe. Ashe mutumin da ya san ranar haihuwar noti bai san inda mota take shan ruwa ba. Shekara shida yana goge murfin lagireto, bai taɓa kwance shi ba.

Mutum talatin da huɗu suka taru. Wani mai tasi ya ce a bar ta ta huce. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa.

"Tasi kake ja, ko? To matso ka koyi abin da ba a koya maka ba."

Ya zaro gora biyu ta ruwa mai ƙanƙara daga kula, ya kwarara wa injin. Ƙas! Har na bayan taro sun ji. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Baba Makanike, wanda ya shekara arba'in yana kwanciya ƙarƙashin motoci, ya duba ya ce bulok ya tsage. Bulok shi ne gangar jikin inji, dunƙulen ƙarfen zubi wanda fistin ke hawa da sauka a cikinsa. A gefensa, bayan matatar baƙin mai, akwai ɗan wuri kamar faɗin yatsa biyu da aka buga lamba takwas. Biyun ƙarshe su ne shekara. Wannan lambar alƙali yake fara haskawa da tocila. Dole ke nan a nemo bulok na sittin da bakwai, in ba haka ba kofi da kujera su koma gidan Malam Tsatsa.

Aka shiga nema. Alhaji a gaban akori-kura da fararen kaya da tabarau, Baba Makanike a sitiyari. Cikin kwana ashirin da shida sun taka wurin 'yan gwangwan ashirin da uku. Alhaji ya yi jawabi a goma sha tara daga ciki; sauran huɗun karnuka ne suka hana. Ya ɓata riguna takwas. An tono musu bulok tara daga ƙarƙashin tsibin ƙarafa, ya ƙi duka taran. Uku na wata mota ne, biyar sun fashe, ɗaya kuwa lafiya lau yake, sai dai na sittin da takwas ne. Baba Makanike ya ce ramukansa da ma'auninsa duk ɗaya ne, motar ba za ta taɓa sanin bambanci ba.

Alhaji ya dafe ƙirji.

"Shekara guda! Wata goma sha biyu cur! Kana so in haɗa zuciyar ƙani da jikin yayansa? Me zan gaya wa tarihi? Baba, kai gyara ka sani. Ni kuwa amana aka ba ni."

Mai gwangwan ɗin ya tafa masa, ya kira shi Farfesan Ƙarfe, sannan ya sayar masa da murfin tankin mai wanda daga baya aka gane na janareto ne.

A kwana na ashirin da bakwai tayar akori-kura ta yi faci a hanyar komawa. Suka tura ta gindin wata bishiya inda wani mai faci yake aiki. Alhaji ya tsaya nesa yana fifita da jarida. Baba Makanike ne ya lura da abin da mai facin yake zaune a kai: wani baƙin ƙarfe mai rami shida, rabi ya nutse a ƙasa, an shimfiɗa masa tsohuwar tif don laushi. Shekara ashirin da biyu mutumin yana zama a kansa, yana kuma dukan taya a gefensa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Mai facin ya ce ba zai tashi ba sai ya gama tayar da ke hannunsa. Haka ciyaman guda ya durƙusa da fararen kaya, kai ƙarƙashin mazaunin mai faci, yana kankare tsatsa da makullin gida. Lamba ta fito ɗaya bayan ɗaya. Shida. Bakwai. Alhaji ya miƙe da gwiwoyi baƙi ƙirin, ya ɗaga hannu sama. Da yamma mambobi goma sha takwas sun samu saƙo cewa tun daga kan kwalta ya jiyo ƙamshinsa.

An kai bulok gareji. Baba Makanike ya auna shi ciki da waje, ya ce ƙarfen da rai. A wanke shi da kananzir da buroshi, a gyara ramukan, a bar fatarsa yadda masu zubi suka bar ta. Alhaji ya shafa jikin, ya ji kaushi, ya tuna inda aka samo shi da abin da ya zauna a kansa shekara ashirin da biyu. Zuciyarsa ta ƙi. Washegari, Baba ya tafi neman zoben fistin, Alhaji ya sa mutum huɗu suka ɗora bulok a amalanke zuwa shagon wani mai goge ƙarfe, wanda aikinsa hannun ƙofa da ƙafafun kujerun ofis.

"Duk inda ka ga ƙurji, ko tabo, ko zane, ka share shi. Ina so alƙali in ya buɗe bonet ya kare idonsa."

Mai goge ƙarfen ya buɗe baki. Alhaji ya ɗaga yatsa.

"Hannunka na ɗauka haya, ba bakinka ba."

Da injin gurza ya iso wani ɗan wuri mai rubutu, mutumin ya tsaya, don yana da hankali. Ya kira wayar Alhaji sau uku. Biyu ba a ɗauka ba, domin Alhaji yana gaban madubi yana gwada jawabin karɓar kofi na bakwai. A na uku ya ɗauka, ya ce, "Na ce duka," ya kashe. Mai goge ƙarfen ya share duka.

Bulok ya dawo yana walƙiya kamar sabon cokali. Baba Makanike ya zaga shi sau biyu, ya sa yatsa a wurin nan, ya ji sumul. Ya cire hula, ya ce, "Alhaji, akwai magana."

"Na san maganar. Ka ga abin da shekararka arba'in ba ta taɓa yi ba, ya tsaya maka a wuya. Ɗaura min inji. Ba na sauraron ƙorafi sai bayan gasa."

Baba ya mayar da hularsa. Ya ɗaura inji cikin kwana tara, matatar baƙin mai ta rufe wurin, mota ta tashi da bugu ɗaya.

Ranar gasa motoci goma sha tara suka jeru. Alhaji ya yi jawabin buɗewa na minti hamsin da biyu, ya ambaci kalmar asali sau talatin da ɗaya, ya ba da labarin wuraren gwangwan ashirin da uku, waɗanda a bakinsa suka zama sittin. Sannan ya sa farar safar hannu, ya ɗaga bonet da kansa. Rana ta daki bulok. Jama'a suka yi kabbara, alƙali kuwa da gaske ya kare idonsa.

Alƙalin wani siririn dattijo ne mara surutu. Ya sunkuya da tocila. Ya leƙa ta hagu. Ya leƙa ta dama. Ya nemi a kwance matata, aka kwance. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya miƙe, ya rubuta a takardarsa, ya kuma karanta da ƙarfi kamar yadda doka ta ce: "Shekarar inji, ba a sani ba."

Alhaji ya fizge tocilar, ya cusa kai. Ba shida, ba bakwai, ba ko ɗigo. Ya zaro waya ya nuna hoton da ya ɗauka ranar da aka samo shi. Alƙali ya duba, ya ce shi dai abin da ya gani a hoton wani ƙarfe ne mai tsatsa da ƙafafun wani bawan Allah. Baba Makanike, daga inuwar akori-kura, ya ce da na kusa da shi garin gyaran gira an rasa ido.

Injin Malam Tsatsa baƙi ne, da maiƙo, da saƙar gizo a kusurwa ɗaya. Lambarsa takwas ɗin nan kuwa raɗau. Kofi ya tafi, kujera ta bi shi.

Amma kada a ce ƙungiya ba ta san girman manya ba. Alƙali ya ce a shekara talatin da yake wannan aiki bai taɓa ganin inji mai tsabtar na Alhaji ba, aka kira shi gaba aka miƙa masa kyautar tsabta: bokiti ɗaya, soso biyu, sabulu sanda uku. Sabon ciyaman ya kawo shawara nan take cewa irin wannan baiwa bai kamata ta tsaya a mota ɗaya ba, a naɗa Alhaji mai kula da tsabtar motocin ƙungiya. Hannu goma sha takwas suka tashi. Mota goma sha takwas ke nan, taya saba'in da biyu, ban da safaya.

Malam Tsatsa ya rungume kofi da hannu ɗaya, ya miƙa wa Alhaji makullin koriyar motarsa da ɗayan.

"Yaya, a fara da tawa ranar Asabar. Amma don Allah a bar min lambar."