Fijon Azizi da Motar Hayar Rihab

"Lafiya lau, Azizi. Ya ƙafa? Ya ido? Ya sauran haƙoran nan guda biyu?"

"Suna nan suna jiran kunnenki. Wane mai gadin ne ya yi barci har kika shigo ƙasar nan?"

Haka 'yata Rihab da mahaifina suka gaisa a ƙofar gidanmu na Sfax, da hantsi, bayan shekara uku ba su ga juna ba. Jikoki Azizi suke ce masa, mutanen gari kuwa Mouldi bakanike, don shekara arba'in ya yi a ƙarƙashin motocinsu. Tun da mahaifiyarmu Mbarka ta rasu bara, bai ƙara wuce masallacin unguwa ba. Ga shi ƙanensa zai aurar da autarsa a Gafsa, mun yi lallashin duniya ya ce ba inda za shi. Rihab, wadda ta gado shi a son mota har take aikin inji a birnin Lyon, can ƙasar waje, ta ce mu bar ta da shi. Daga filin jirgi ta ɗauko wata farar motar haya, ta tsayar da ita daidai gaban kujerarsa.

Baba ya miƙe da sandarsa, ya zagaya motar sau biyu.

"Mene ne wannan? Injin wanki?"

"Mota ce, tsoho. Sa gilashinka."

"Ina makullinta?"

"Ba ta da shi. Dannawa ake yi ta tashi."

"To tashe ta mu ji."

"Ai a tashe take."

Ya kara kunne a bonet, ya ɗago. "Inna lillahi! Gawa suka ba ki. Mayar musu tun ba su ce ke kika kashe ta ba."

"Ba kowace mota ke tari kamar mai ita ba."

Ya leƙa ta taga. "Kuloci fa? Ƙafa biyu Allah ya ba ki, ɗayar me za ta yi har Gafsa? Kitso?"

"Hutawa za ta yi, irin hutun da Fijonka ke yi a bayan gida. Mama ta ce kaji sun yi ƙyanƙyasa uku a kujerar direba."

"Kajin sun fi ki sanin mota! Ke, ja'ira, wannan Fijon ba mai take sha ba, ƙanshinsa kawai take ji ta kai Tunis. Na taɓa jan motar rago arba'in da ita daga cikin yashi."

"Wancan zuwan nawa ka ce ashirin ne."

"Sun haihu."

Na kawo musu shayi na ajiye a kan dakali, ba wanda ya kalle shi. Rabon da in ji muryar Baba ta ɗaga haka tun kafin rasuwar.

"Ni dai ban taɓa zama a motar haya ba," in ji shi, yana buga sanda a ƙasa. "Motar da kowane ɗan iska ya murɗe wa wuya ya yar? Kakarki ma a Fijo tawa na ɗauko ta daga Gafsa, sabuwa fil, ruwan madara. Muna tafe gilashi a sauke, iska na ɗaga mayafinta, tana ɓare mini almon, gyaɗar nan ta bishiya, tana sa mini a baki. Ƙauyuka suka fito kallo. Wani ɗan sanda ya sara mana, ya ɗauka gwamna ne."

"Taka ce?"

"Ta ubanki ce?"

"Ba ta wani mai ba da haya a bakin tashar jirgin ruwa ba? Wadda ka mayar rana ta huɗu, ka ce wa amarya ka ba abokinka aro zai je Libiya?"

Baba ya tsaya cak. Ni kaina ban taɓa jin wannan ba.

"Wane munafuki ya gaya miki?"

"Matarka. Zuwana na ƙarshe, muna mulmula kuskus. Ta ce tun a hanya ta sani. Ta buɗe ɗan akwatin gaba za ta ajiye ɓawon almon, ta ga takardar haya da sa hannunka."

"Ta gani?"

"Ta karanta har ranar mayarwa."

"Shekara hamsin da biyu," in ji shi a hankali. "Duk bikin da muka je sai na ba da labarin motar nan, tana gefe tana gyaɗa kai. Har ƙara mini take yi, wai kujerun na fata ne."

"Ta ce wanda zai yi aikin dare wata biyu don kada amaryarsa ta shigo gari a bayan a-kori-kura, ai a bar masa motarsa. Da ka sayi taka bayan shekara shida, ta ce ita dai ta hayar ta fi mata daɗi."

Baba ya zauna a kan dakali. Kafaɗunsa suka fara rawa, na zaci kuka yake yi. Ashe dariya ce, ko da yake sai da ya goge ido da hannun riga.

"Shu'uma! Ashe ni ne motar haya, ita ke tuƙa ni." Ya ɗago ya harari Rihab. "Ke kuma kin iya riƙe magana shekara uku, ga baki kamar salansar da ta fashe?"

"Na ajiye ta ne don ranar da za ka yi mini taurin kai."

Ya shanye shayin da ya riga ya huce, ya miƙa mini kofin.

"Shiga ki ɗauko mini hulata da jakar magani." Ya juya wurin jikarsa. "Kin ci, 'yar nema. Buɗe mini gaba, kuma ki sauke gilashi, ban son iskar firji."

Yana zama ya shafa kujerar, ya gyara wuyan rigarsa.

"In mun isa Gafsa," ya ce, "duk wanda ya tambaya, motar tawa ce."