Ranar da na laƙƙana wa tele kalmar shahada

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je Banifandu nema wa ɗana Isufu aure ba. Shi yaron, soja ne, yana can daji, ga shi an kwana biyu wayarsa ba ta shiga, babu rezo. Ni kuwa lambu na sani a Gamkalle, salati da albasa, ban iya zaman salo, falon manya, ba.

Ni da ƙanena Laminu aka zaunar da mu muna jiran Alhaji, uban yarinyar, tsohon ma'aikacin gwamnati. Tele na kunne, fim ɗin yaƙi ake yi da Faransanci. Wani sojan Bature na kwance cikin rami, jini har wuya, yana magana yana kallon sama.

"Mi yake cewa?" na tambayi Laminu.

"Wai Allah ya manta da su."

(Gaskiya ni ma irin wannan tunanin ya sha zo mini a kan Isufu, sai in yi istigfari in yi shiru.) Ban san lokacin da na bar kujera ba. Na durƙusa gaban tele, na dafa gilashin, hawaye na zuba cikin gemuna.

"Kul, yaro! Bai manta ba. Ka ce La'ilaha illallahu. Faɗi mana!"

Laminu na jan rigata yana raɗa, "Yaya, wasa ne. Kuma ga kuros ɗin Kirista a wuyansa."

Na juyo, sai ga Alhaji tsaye bakin ƙofa da ƙannensa, ga mata na leƙe ta labule suna toshe baki. Na ce a raina shi ke nan, na kashe wa yaro aure, wa zai ba ɗan mahaukaci ɗiya?

Alhaji ya kashe tele, ya zauna, ya daɗe yana kallona.

"Malam, naka yana daji ko?"

Na ce e.

"Nawa ma ya yi shekara biyu can. Ni a banɗaki nake nawa kukan. Ku miƙo goron."

Aka yi fatiha, aka haɗa da Isufu cikin addu'a.

An ba mu yarinya. Amma tun ranar, duk gidan da na shiga, kujerar da ta ba tele baya nake nema.