Makanikin 'Yan Ruwa

A shekarun tamanin, duk unguwar Belleville ta Paris ba abin da ya isa ya yi ƙara a gabana. Ƙofar kanti ce ko keken ɗinki, gwangwanin man feshina na aljihu.

Na je Lyon wurin ƙanena Sani, na tarar yana koyon nutso. Na'urar da yake sawa a baki ya shaƙi iska tana ɗan fito.

Ya ce, "Yaya, kar ka taɓa, akwai roba a ciki."

"Ni da na gyara rabin Paris?" Yana juya baya na yi wa na'urar wanka da man feshi.

Washegari ya nutse a tafkin koyo, ina tsaye ina jiran godiya. Kumfa ta daina tasowa. Sai wani maiƙo mai launi-launi ya bazu bisa ruwan a hankali, kamar wani abu ya buɗe ido daga ƙasa. Na kama salati.

Can ya ɓullo yana tari, idanu jajur. "Yaya, gareji na shaƙa!" Ashe man ya kumbura robar.

Har yau in famfonsu ya yi kuka, matarsa kan ce wa famfon, "Yi shiru, kar Makanikin 'Yan Ruwa ya ji ka."