Buta Ta Tafi Ta Bar Fasinja

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma ido guda a buɗe saboda abin da za a ji nan gaba, Baba Tikiti, tsohon mai duba tikiti a jirgin ƙasa, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta na sama da na ƙasa da sauran abokan aikinsa da suka rage, rasuwar butarsa ta lantarki, wadda gida ya sani da Uwar Tururi. Ta cika da hantsi a kan ɗan teburin da ke gindin taga, tana tsakiyar aiki, ba tare da wata jinya ba. Wannan rashin jinyar shi ne abin da ya tsaya wa mai gidan a rai.

Marigayiya ta shigo gidan tun Auta tana goye. Ƙarfe ce zalla, mai baƙin mariƙi, da ɗan lotsawa a gefen hagu inda ta taɓa faɗowa a wata ƙaura. Ta dafa shayin safe da na baƙi, ta dafa ruwan wankan jarirai, ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Da girma ya zo mata, makunninta ya daina aiki, sai ta zama idan ta tafasa ba ta san tsayawa ba, sai an zare mata waya. Iyali suka ce ta zama haɗari, a yar. Baba Tikiti, wanda shi ma aka taɓa ce masa an gode, ya je ya huta, ya ɗora ta saman kabad ya ce babu mai taɓa ta.

Ba za a fahimci girman wannan rashi ba sai an san Fasinja. Ɗan ƙaramin aku ne, kore, irin wanda ake sawa a keji, da ya faɗo ta taga wata rana da rana tsaka ya sauka a kan hular mai gidan. Mutumin da duk tsawon aikinsa bai taɓa barin ko ɗan uwansa ya hau jirgi kyauta ba, ya dubi tsuntsun nan da ya shigo babu tikiti, ya ce to, zauna. Yau Fasinja ya tsufa tukuf. Gashin kansa ya zube, ƙafafunsa ba sa iya riƙe sandar da yake tsayawa a kai a keji, har sai da aka sauko masa da ita ƙasa-ƙasa aka naɗe ta da tsohuwar safa. An shimfiɗa tawul a ƙasan kejin saboda yawan faɗuwa. Gero sai an jiƙa masa ya yi laushi, baki sai an rage masa tsawo. Abin da ya fi tayar da hankali ƙirjinsa ne, wanda ke ƙas-ƙas a kowane numfashi, wutsiya tana sama tana ƙasa. Likitan dabbobi ya ce tsufa ba shi da allura, amma tururi mai ɗumi safe da yamma zai sassauta masa ƙirji, da sharaɗin kada a kai shi kicin kusa da gas. Ranar ce aka sauko da Uwar Tururi daga saman kabad, aka gano cewa laifin da aka kore ta a kansa shi ne ake nema yanzu.

Ga yadda take aikinta, don masu zuwa ta'aziyya su san wa aka rasa. Baba Tikiti zai cika ta daidai lotsawar nan, ya ajiye ta nesa da keji kamar tsawon hannu, ya jawo babban zanin gado ya lulluɓe keji da buta da kansa gaba ɗaya. Sai ta fara da "shhhh" a hankali, kamar mai lallashin yaro. Can ta koma "gur-gur-gur", murfinta ya kama "kwal-kwal-kwal". A daidai nan kowace buta ta zamani take kashe kanta ta ce ta gama. Ita kuwa marigayiya nan take fara aiki. Fasinja zai buɗe fukafukai, ya yi atishawa, ya karkata kai, sannan ya mayar mata da "gur-gur-gur" da 'yar muryarsa da ta dushe. Idan ya yi wannan, to ranar zai ci gero. Mai gidan ya fito sharkaf, tabarau ya yi hazo, Inna matarsa tana ce masa saura kaɗan ya nuna a sauke.

A ranar da abin ya faru, an cika ta kamar kullum. Ta yi "shhhh" ɗinta, amma muryar siririya ce, ba tata ba. Mai gidan yana cikin zani ya ji ruwa mai ɗumi yana bin silifas ɗinsa. Kafin ya lalubi waya, ƙauri ya tashi, ta ce "fat!" sau ɗaya, shi ne kalaminta na ƙarshe. Fasinja ya firgita ya faɗo daga sandarsa, mai gidan ya ɗauke shi a tafin hannu yana jin zuciyar tsuntsun tana bugawa a yatsunsa.

Sanarwar rasuwa ba kotu ba ce, kuma Baba Tikiti ba ya zargin kowa. Sai dai yana so jama'a su yi tunani tare da shi. Surukinsa, mijin Auta, ya shigo gidan kwanaki kaɗan kafin rasuwar da sabuwar buta a kwali, mai shuɗiyar fitila a gindi, yana murmushi har kunne. Wane irin mutum ne ke kawo magaji alhali mai kujera tana da rai da lafiyarta? Me ya sani da sauran mutane ba su sani ba? Inna kuma ta daɗe tana cewa fentin bango yana ɓarewa, kayan sawarta duk warin danshi, kuma an ji ta da kunne tana cewa wata rana ko ita ko butar nan. Ita kuwa Auta, da yake ma'aikaciyar jinya ce, komai a wurinta haɗari ne. An gan ta tana taɓa wayar marigayiya da kan yatsa, tana girgiza kai, tana kallon mijinta. Mai gidan ya yi shekaru yana karanta irin wannan kallon tsakanin mutum biyu masu tikiti ɗaya.

Don haka bai yarda a rufe maganar ba. Ya naɗe gawar a tawul, ya kai ta da kansa wurin mai gyaran kayan wuta da ke ƙarƙashin matakala a bakin titi, inda fankoki ke kwance hanjinsu a waje. Mai gyara ya buɗe murfi, ya leƙa, ya sunsuna, ya ɗaga ta sama yana kallon haske ta gindinta. Sannan ya ce, "Baba, wa ya wanke ta?"

Mai gidan ya ce babu wanda ya isa. Cikin marigayiya ya daɗe da yin farin dafi, irin gishirin nan da ruwa ke bari idan ya yi ta tafasa, ya taru ya yi kauri ya daskare. Shi bai taɓa kankare shi ba, domin a ganinsa furfurarta ce. Mai gyara ya juyo masa da ita. Ciki fes, yana ƙyalli, yana ƙamshin lemon tsami, ga haske yana shigowa ta ƙananan huji a gindi. Ashe ƙarfen ya daɗe da cinyewa, wannan dafin ne ya toshe hujin yake riƙe da ruwa duk shekarun nan. Wani ya jiƙa ta da lemon tsami, ya dirje ta da soson ƙarfe, ya cire mata abin da ke riƙe da ranta. Ruwa ya tsiyaye, ƙarfen zafi ya ƙone a bushe. Mai gyara ya ce ba ta gyaruwa, irin kayanta ma an daina yi, ya ba da haƙuri ya ƙi karɓar komai. Ko wannan ƙin karɓar, mai gidan ya tafi yana juya shi a zuciya.

Da ya dawo ya tara iyali a falo, ya ajiye gawar a tsakiyar tebur, ya kama zagaye da hannu a baya yadda yake bin layin kujeru a da. Bai kai ga yin tambaya ba Inna ta ce, "Ni ce, Malam. Kar ka wahalar da yara." Auta ta ce, "Baba, Inna rufa min asiri take yi, ni na wanke." Suruki ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ni na sayo lemon, ni na matse." Baba Tikiti ya ga masu musu a rayuwarsa, ya ga masu barcin ƙarya, ya ga masu ɓuya a banɗaki har jirgi ya wuce tasha uku, amma bai taɓa ganin mutum uku suna rububin laifi ɗaya ba. Wannan ya tabbatar masa cewa shiri ne, kuma an yi zama a kansa.

Hujjar da suka bayar ita ce, sun ga ɓarɓashin farin dafin yana yawo a ruwan, suka ji tsoron yana bin tururi yana shiga ƙirjin Fasinja, shi ya sa ƙas-ƙas ɗin ke ƙaruwa. Wai sun so su ba shi tururi mai tsabta. Mai gidan bai karɓi wannan bayani ba, bai kuma yi watsi da shi ba. Ya dai ga yatsun Inna duk sun tsattsage da soson ƙarfe, tana ɓoye su a cikin mayafi. Matar da ta ce ko ita ko butar nan, ita ce ta zauna ta dirje ta har hannunta ya fashe saboda tsuntsun da take kira ɗan haya. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, ya kuma ba shi haushi, domin ya fi son laifi mai fuska ɗaya. Har yanzu bincike a buɗe yake.

Marigayiya ta rasu ta bar murfi ɗaya, da waya mai ɗaurin baƙin tef, da zagayen tabo a kan tebur, da zanin gado da har yanzu bai bushe sosai ba. Ta bar Baba Tikiti. Ta kuma bar Fasinja, wanda shi ne maraya na gaskiya. Sabuwar butar da ke kwali ba ta cikin magada, ko da yake dole ta sa an gwada ta. Tana tafasa sai ta ce "ƙas!" ta mutu, tun tururi bai kai keji ba. Suruki ya ce zai riƙa danne makunnin da babban yatsa, kuma yana yi, safe da yamma, cikin rigar ofis, kansa a ƙarƙashin zani kusa da na mai gidan, yatsan har ya yi bororo. An liƙe shuɗiyar fitilar da tef don tsuntsun ba ya son ta. Mai gidan yana lura da duk wannan ƙoƙari, yana kuma tambayar kansa me mutum zai aikata da zai sa ya yi irin wannan biyan bashi.

Gaskiyar da ba a so a rubuta ita ce, tun ranar Fasinja bai sake cewa "gur-gur-gur" ba. Tururin yana zuwa, amma muryar ba ita ba ce, shi kuma ya tsufa da koyon sabuwa. Ya bar sanda ya koma kan tawul, ya kumbura gashi, yana numfashi da baki a buɗe. Gero sai an ɗora a kan yatsa an kai masa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ko biyu don kunya. Baba Tikiti yana jin tsoro, kuma ba ya ɓoyewa.

Ana karɓar gaisuwa a falo bayan tururin safe. Ana roƙon masu zuwa kada su sa turare, kada su buga ƙofa, kada su matsa kusa da keji. Kada kowa ya zo da buta. Duk wanda ya san bakinsa zai ce ai tsuntsu ne kawai, ko ai akwai irinsa a kasuwa, ya yi zamansa a gida, an yafe masa. Mai gidan zai tsaya a bakin ƙofa da kansa yana gaisawa da kowa hannu da hannu, kuma hancinsa lafiya lau yake game da lemon tsami.

Game da jana'iza, ba za a ba masu sayen tsohon ƙarfe ita ba, don haka su daina tsayawa a ƙasan taga suna kira. Za a binne ta a ɗan filin da ke bayan gini, gindin bishiyar da ake ɗaure igiyar shanya. A yanzu tana kwance a mazauninta kusa da keji, domin ta wajenta Fasinja ke juya fuska idan zai rufe ido. Ba a sa rana ba tukuna. Suruki ya riga ya haƙa ramin daidai girmanta, ya kira mai gidan ya duba. Baba Tikiti ya tsaya a bakin ramin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ƙara masa faɗin tafin hannu ɗaya a gefe, a kuma bar shi a buɗe. Inna ta shiga ɗaki ta ciro farin hankici mafi taushi da take da shi, ta goge shi, ta ninke ta ajiye kusa da kejin Fasinja.